Kyandir Biyu na Yumɓu

A saman Corris, inda titi ya gaji ya koma turbar tumaki,
wayar lantarki ba ta hawo ba, famfo bai biyo mu ba.
Ruwanmu daga sama yake faɗowa kan rufin dutse,
ya bi indararo tare da ganyen bara da kashin tsuntsu,
ya kwana a tanki.
Shi nake ɗebowa in juye a tukunyar ƙarfe mai hawa biyu,
inda kyandir biyu na yumɓu suke tsaye cikin duhu.
Ba a kunna su. Aikinsu tsare ƙofa.

Ɗis.
Ka je ka faskara itace ka dawo.
Ɗis.

Ran Asabar nake kwance su.
In wanke hannu tukuna, har gwiwa, kamar mai alwala,
in kama kowanne a tsakiya,
ban yarda yatsa ya taɓa bakin da ruwa ke fita ba.
Fari tas na sa shi,
ga shi ya fito da launin kunun kanwa, da santsin bayan tarwaɗa.
Soso kawai, da ruwan sanyi mai yanka farce.
Ban da sabulu:
yumɓu ba ya mantuwa, abin da ya sha shi zai shayar da kai.
Ina gogawa daga sama zuwa ƙasa har farin ya dawo,
ina sane kowane wanki yana cin naman jikinsa.
Akwai ɗan ma'aunin roba da nake zura masa a ƙugu;
ranar da ya wuce salin-alin, an gama.

Janairun farko na sauka Machynlleth kwana uku,
na bar murhu a mace, na bar su jiƙe.
Da na dawo na zuba ruwa, sai ji na yi shaaa!
Kafin shayi ya tafasa ƙasa ta cika.
Har na yi hamdala.
Na tsallaka katanga na kira Emrys ya zo ya ga abin arziki.
Tsohon bai cire hula ba, bai yi dariya ba.
Ya ɗaga ɗaya, ya ƙwanƙwasa da cokali, ya kara a kunne,
ya juya shi gaban fitila:
tsaga ce, ba ta kai silin gashi ba,
ƙanƙara ta kwana a ciki ta miƙe ƙafa.
Ya ce, wannan ruwan ba wanda ya tsayar da shi ya tambaye shi daga ina.
Zubar.

Ni kuwa ba maganarsa ta tsaya mini ba, ƙarar cokalin ce.
Haka kakata Tasalla ke yi wa tukwanenta bayan gashi,
da ƙashin yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kai a karkace.
Mai lafiya ta amsa da ƙara, ta tafi kasuwa.
Wadda ta ce ƙwas, ta zama kaskon kaji.
Shekara talatin da teku guda,
sai ga hannunta a hannun wani makiyayi
da bai taɓa jin sunan garinmu ba.

Yanzu in dare ya yi tsit, taurari suka yi kaifi,
nakan kwance su in shanya kusa da murhu,
in rufa musu tsohon rawanina.
Ramlatu tana dariya, wai Baba ya kwantar da tagwayensa.
Ta ce a kanti ruwa na nan cikin gora, ba jira.
Na ce haka ne.
Amma da asuba ita ke riga ni zuwa da moɗa,
ta murɗa ɗan famfon, ta tsaya saurare,
ta sha rabi,
ta miƙo mini saura.